Jaka Ɗaya, Farashi Biyu: Ina Kuɗin Suka Shiga?

A ƙarshen watan Fabrairun 2024, saura ƙasa da mako biyu a ɗauki azumi, wata jakar mata ta bayyana a Kano da farashi biyu waɗanda ko hanya ba su haɗa ba. A wani shago cikin kasuwar Kwari ana sayar da ita naira 12,000, mai shagon kuma tana cin ribarta hankali kwance. A ɗaya ɓangaren kuwa, 'yar ƙanwata, wadda ke kasuwanci ta Instagram da WhatsApp daga ɗakinta, ta buga lissafi ta tarar kowace jaka ta tsaya mata a kan naira 31,000 tun kafin ta ɗora ko kwabo. Fata iri ɗaya, ɗinki iri ɗaya, har ɗan ƙarfen da ke bakin jakar iri ɗaya. Duka biyun daga yankin Gwanzu na ƙasar Sin suka fito, inda garin Shiling ya yi suna wajen ɗinkin jakunkuna.

Wannan abu ba a kan 'yar ƙanwata aka fara ba. Matasa da yawa, musamman mata, sun rungumi wannan sana'a: a zaɓi kaya a Alibaba ko 1688, a tura su siton wani ejan da ke Gwanzu, ejan ya ɗoro su a jirgi, a karɓa a Kano. Da yawansu sun taɓa karɓar takardar biya da ta cinye jari da riba gaba ɗaya, suka tafi da imanin cewa an cuce su, wasu ma suka bar sana'ar. Da yake na daɗe ina riƙe wa 'yan kasuwa littafin lissafi, sai 'yar ƙanwar tawa ta kwaso takardunta ta kawo mini.

Lissafin da ta yi da wanda ya zo mata

A tsakiyar Janairu ta sayi jaka 100 a kan dala 6 kowace ɗaya. Ta canji dala a naira 1,300, kuɗin kaya suka kama 780,000. Kamfanin da ya sayar mata ya ce kowace jaka rabin kilo ce, wato kilo 50 ke nan. Ejan ya ce dakon jirgin sama dala 8 ne kilo, kuɗin fito kuma naira 1,000 kilo. Ta haɗa: dako 520,000, fito 50,000, jimla 1,350,000. Kowace jaka 13,500. Ta sa talla a kan 18,000, mata suka fara ba da kafin alƙalami saboda Sallah da lefe.

Da kaya suka iso, takardar ejan ta ce kilo 150. Dako naira 2,040,000, fito 225,000, motar Legas zuwa Kano 55,000. Idan aka haɗa da kuɗin kaya, 3,100,000 cif. Tsakanin abin da ta zata da abin da ya zo akwai giɓin naira 1,750,000.

"Kawu, wallahi cuta ce," in ji ta. "Kilo 50 aka ce mini, ya rubuto 150. Ko dai ya haɗa mini da kayan wani, ko kuma ya ga mace ce ban san kan abin ba. Ga shi kuma a Kwari ana sayar da irinta 12,000. To ita waccan ta ina nata suka shigo?"

Na ce mata, "'Yata, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Kada ki ambaci sunansa a ko'ina tukuna. Kuɗi ba sa tafiya ba sawu, mu bi sawun."

Tambayoyi biyu ne a gabanmu. Ina 1,750,000 suka shiga? Kuma ta yaya wata take sayarwa da riba a ƙasa da farashin da ita ta zata kayanta za su iso?

Sawu na farko: sikeli da tef

Muka tafi ofishin ejan na nan Kano, inda kayan ke ajiye sai an biya. Katan 10 ne manya, jere har sun kusa tare ƙofa. Na nemi a ɗora su a sikeli a gabanmu, bai yi musu ba. Kowane katan kilo 6. Gaba ɗaya kilo 60.

Ta juyo ta dube ni. "Ka gani ko, Kawu? 60 ne. Ina 150 ta fito?"

Ejan bai ce uffan ba, ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko tef irin na tela. Ya auna katan ɗaya: tsawo santimita 60, faɗi 50, tsayi 30. Ya buga a wayarsa, 90,000. Ya raba da 6,000, ta ba shi 15.

"Baba, ga kilon da jirgi ya caje ni," ya ce. "15 sau 10, 150. Ban ƙara ko ɗaya ba."

A nan ne ƙullin farko ya kwance. A dakon jirgin sama kowane kaya kilo biyu gare shi: kilon sikeli da kilon girma. Ana auna duka biyun, wanda ya fi yawa shi ake biya. Ƙa'idar da ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta tsara ita ce a ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, a raba da 6,000. Kamfanonin aike na gaggawa irin su DHL da 5,000 suke rabawa, don haka a wurinsu wannan katan ɗin kilo 18 ne. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Duk wanda ya taɓa kai katifa tashar mota ya san direba ba ya tambayar nauyinta, kujerun da za ta tare yake ƙirgawa. Cikin jirgi yakan cika tun kafin nauyin da zai iya ɗauka ya cika, saboda haka wuri ake sayarwa.

Muka yanka katan ɗaya. Kowace jaka tana cikin kwalinta mai kyau, an cusa mata takarda a ciki don ta tsaya da siffarta, an naɗe ta da leda mai kumfa. Ta tuna cewa ita da kanta ta roƙi kamfanin ya sa kwalin, domin a hoto ya fi jan hankali, masu haɗa lefe kuma suna so. Na cire jaka ɗaya, na zare takardar, na kwantar da ita. Ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na wurin da kwalin ya ci ba. Da a kwance aka shirya su ba kwali, da kilon girma da na sikeli sun zo daidai, wajen kilo 50 ɗin da ta lissafa.

Ke nan kilo 100 na kwali da takarda da iska ta yi wa dako daga Sin zuwa Najeriya. A dala 8, dala 800 ke nan, a canjin da ta yi lissafi da shi naira 1,040,000. Fiye da rabin giɓin ya bayyana, saura 710,000.

Sawu na biyu: ranar biya

Ko da kilo 150 ne, dala 1,200 a kan 1,300 naira 1,560,000 ce. Amma takarda ta ce 2,040,000. Na duba ƙasan takardar, na ga an rubuta canji 1,700.

"A Janairu muka yi magana," ta ce wa ejan. "Me ya sa za ka caje ni da canjin ƙarshen Fabrairu?"

Ya amsa da cewa shi da dala yake biyan jirgi, kuma ƙa'idarsu canjin ranar karɓar kaya ake bi. Haka galibin masu kago suke yi. A lokacin da naira take zaune, ba mai lura da wannan sharaɗi. Sai dai farkon 2024 ba lokacin zama ba ne. Tun a Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi. A ƙarshen Janairun 2024, cikin 'yan kwanaki, canjin hukuma ya tashi daga wajen 900 zuwa sama da 1,400. A kasuwar bayan fage kuwa dala ta haura 1,800 a mako na uku na Fabrairu kafin ta ɗan sauko.

To amma me ya sa kayan da aka saya tsakiyar Janairu, aka ce jirgin sama za su hau, suka kai ƙarshen Fabrairu? Kayan sama mako ɗaya zuwa biyu suke yi. Muka koma cikin saƙonninta da kamfanin. Yin kwalayen ya ƙara musu kwanaki, kayan ba su isa siton ejan ba sai farkon Fabrairu. A shekarar kuwa sabuwar shekarar Sinawa ta faɗo ranar 10 ga Fabrairu. Hutun hukuma ya kai har 17 ga wata, amma masana'antu da masu dako sukan rufe tun kafin nan, su daɗe ba su dawo ba, domin ma'aikata garuruwansu suke tafiya. Kayanta suka kwana a sito daidai makonnin da naira take zubewa.

Naira 400 a kan kowace dala, sau 1,200, ta ba da 480,000. Abin lura a nan shi ne kwalin nan sau biyu ya yi mata illa: shi ya ƙara yawan dalar da za ta biya, shi kuma ya jinkirta kayan har dalar ta yi tsada. Saura 230,000.

Sawu na uku: kuɗin fito

Naira 55,000 ta mota ba ta da wani sirri. Kayan a Legas suka sauka, tsakanin Legas da Kano tafiyar wajen kilomita 1,000 ce, ita kuma ta ɗauka farashin da aka ba ta har Kano ne. Ba ta tambaya ba, shi ma bai faɗa ba.

Ragowar 175,000 a kuɗin fito take. Naira 100,000 daga ciki ta kilo 100 ɗin nan ce ta kwali, domin ejan da kilon da jirgi ya caja yake raba kuɗin fito. Sauran 75,000 kuwa saboda ya ɗaga kilo daga 1,000 zuwa 1,500. A nan ta sake tsayawa: haraji ai doka ce, ta yaya zai tashi cikin wata ɗaya?

Kason harajin bai tashi ba, abin da ake ɗora shi a kai ne ya tashi. Tun 2015 Najeriya take bin jadawalin harajin bai-ɗaya na ƙungiyar ECOWAS, mai hawa biyar: sifiri, 5, 10, 20 da 35 cikin 100. Kayan da aka gama ƙerawa don amfanin jama'a, irin su jaka, a hawan 20 suke. Kwastam ba a kan kuɗin sayen kaya kaɗai suke ɗora wannan kaso ba. Sai sun haɗa kuɗin kaya da inshora da dako, sannan su cire. Duk abin da ya kumbura dako, ya kumbura haraji. A tsarin wancan lokaci, bayan kashi 20 akwai ƙarin kashi 7 na shi harajin kansa, da kashi 1 na duba kaya, da rabin kashi na ECOWAS, sannan a tara duka a ɗora harajin VAT na kashi 7.5, wanda ake karɓa a haka tun Fabrairun 2020. Idan aka tattara, kayan dala 100 suna jawo wajen dala 32.

Wannan dala kuma da naira ake biyanta, a canjin da hukumar kwastam ta sa a na'urarta bisa abin da Babban Banki ya ba ta. A Disambar 2023 canjin nan 951 ne. Ranar 2 ga Fabrairun 2024 ya koma 1,356, ya yi ta hawa har ya wuce 1,600 kafin watan ya ƙare. Kukan 'yan kasuwa ya yi yawa har Babban Banki ya ba da umarni a ƙarshen watan cewa a riƙa amfani da canjin ranar da mai kaya ya buɗe takardar shigo da kaya ta Form M. Wannan sauƙi ne ga mai shigo da kaya da sunansa ta hanyar banki. Mai katan goma da ta raɓu da ejan ba ta da wata takarda da za ta riƙe.

Mai kaifin lissafi zai lura da wani abu a nan. Kayan dala 600 da dakon dala 1,200, in da za a cire musu kashi ɗaya cikin uku, sun fi naira 225,000 nesa ba kusa ba. Masu kago kayan mutane da yawa suke haɗawa su fitar a takarda ɗaya, mai tsada da mai araha, sannan su raba kuɗin a kan kilo. A cikin sana'ar kuma akwai masu rage ƙimar kaya a takarda ko su canja musu suna. Ranar da jami'an sintiri suka tare motar a hanya suka ga takarda ba ta dace da kaya ba, masu katan biyu da uku su ne ke kwana a ciki. Saboda haka arahar kuɗin fito ba kullum abin murna ba ce, kuma mai kaya tana da haƙƙin ta nemi ganin takardar da aka fitar da kayanta da ita.

Yanzu lissafi ya cika: 1,040,000 na girman kwali, 480,000 na canji, 175,000 na fito, 55,000 na mota. Jimla 1,750,000, ba ragi ba ƙari. Babu wanda ya saci kuɗinta.

Sawu na huɗu: shagon Hajiya

Tambaya ta biyu tana nan. Ko da komai ya tafi yadda ta tsara, jakarta 13,500 za ta iso, ga wata tana sayarwa 12,000. Ita dai ta riga ta yanke cewa fasa-ƙwauri ne. Kowa ya san tsohuwar hanyar nan ta Kwatano zuwa Maraɗi, a ɓullo ta Jibiya. Na tuna mata cewa tun bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa wancan lokaci iyakar Najeriya da Nijar a rufe take, haka ma ta Binin da Nijar. A wannan yanayi kayan da suka biyo ta can tsada za su yi, ba araha ba.

Muka je shagon. Bayan gaisuwa na gaya wa mai shi abin da ke tafe da mu, ba ɓoye-ɓoye. Dattijuwa ce da ta daɗe a harkar. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta dubi yarinyar.

"'Yata, yaushe kika yi oda?"

"Tsakiyar Janairu, Hajiya."

"Kayan Sallah a Janairu? Ni tun farkon Nuwamba na biya nawa. Ta sama kika ɗauko ko?"

"E, Hajiya."

"Da kwali?"

Ta sunkuyar da kai. Hajiya ta jawo littafinta ta buɗe mana.

Jaka 1,000 ta saya, a kan dala 5, domin ta sayi da yawa kuma ba ta nemi kwali ba. A Nuwamba ta canji dala a 1,150, kowace jaka 5,750. Ta sa aka kwantar da su aka matse, duka dubun suka shiga CBM 3. CBM shi ne ma'aunin jirgin ruwa: mita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya tsayi. Ba ta cika kwantena ita kaɗai, su da yawa ne 'yan kasuwa suke haɗuwa su cika mai ƙafa 40, wadda ke ɗaukar sama da CBM 60, kowa ya biya gwargwadon wurin da ya ci. Dako da fito suka kama mata naira 450,000 a kowane CBM, wato 1,350 a kan jaka. Kayan sun fita daga tashar Legas a Janairu, lokacin da canjin kwastam yake 951. Mota zuwa Kano da ledar da take sakawa a nan gida suka ci 900. Kowace jaka ta tsaya mata a 8,000.

Babban bambancin yana cikin yadda sama da ruwa suke kallon wuri. A jirgin sama, bisa rabawa da 6,000, CBM ɗaya daidai yake da kilo 167, wanda a dala 8 ya haura dala 1,300. A jirgin ruwa kuwa sai kaya sun wuce tan ɗaya a CBM kafin a koma cajin nauyi. Kayan 'yar ƙanwata, da kwalayensu da komai, ba su cika CBM ɗaya ba. Da ta ruwa suka biyo a farashin Hajiya, da dako da fito ba su wuce naira 405,000 ba, maimakon 2,265,000. Abin da ruwa yake karɓa a madadin kuɗi shi ne lokaci: sama da wata guda a teku, ga jiran kwantena ta cika, ga fitarwa a tasha, a ƙalla wata biyu zuwa uku daga biya zuwa shago.

"Malam," Hajiya ta ce mini, "yaran nan suna ganin farashin kaya a waya su ɗauka shi ne farashi. Ni ba na tambayar nawa ne jaka sai na tambayi katan nawa, girmansa nawa. Sama ta ɗan kunne ce da agogo da kayan waya. Jaka da takalmi da kula, waɗannan 'yan ruwa ne."

Laifin wa?

Ejan ba ɓarawo ba ne, amma bai fita fes ba. Ya ce dala 8 kilo, bai faɗi wane kilo ba. Katan goman nan sun yi makonni a sitonsa, yana ganin girmansu, yana da tef, yana da lambarta. Saƙo ɗaya ya isa: kayanki sun auna 150, a cire kwali ko a juya su ruwa? Masu kago na ƙwarai suna yin haka, har sukan sake shirya kaya a kan ɗan kuɗi kaɗan. Wanda ya san abu ya yi shiru har mai jari ƙarami ta faɗa rami, ya tauye amana ko da lissafinsa daidai ne.

Ita kuma ta shiga sana'ar shigo da kaya da ilimin sayarwa kaɗai. Ta iya hoto, ta iya magana da masu saye, amma ba ta san kalandar Sin ba, ba ta san tef ba, ba ta bar wa canji wuri a lissafinta ba. Ta ci bashi ta fanshi kayan, ta cika alƙawari ga waɗanda suka ba da kafin alƙalami a kan 18,000, ta ɗauki asarar. Zuwa tsakiyar Afrilu dala ta sauko ƙasa da 1,200, masu saye suna jiran a rage musu, ragowar jakunkunan suka daɗe kafin su ƙare. Odarta ta gaba cikin kwantenar su Hajiya ta shiga.

Daga wancan lokaci dokoki sun motsa, kuma ya kamata mai wannan sana'a ya riƙa bibiya. A Satumbar 2025 hukumar kwastam ta Najeriya ta yafe haraji ga ƙananan kaya da ƙimarsu ba ta wuce dala 300 ba, har sau huɗu a shekara. Wannan ya dace da mai son ɗauko samfuri ya gwada kasuwa, sai dai bai rage ko kwabo daga kuɗin dako ba. A shekarar ce kuma aka kawo cajin kashi 4 cikin 100 na ƙimar kaya, aka dakatar, aka dawo da shi, aka sake dakatarwa, abin da ke nuna cewa farashin bara ba abin dogaro ba ne bana. Masu aika huluna da atamfa da turare zuwa waje su ma abin ya shafe su: daga 29 ga Agustan 2025 Amurka ta soke yafiyar da take yi wa kayan da ba su wuce dala 800 ba, har hukumar gidan waya ta Najeriya ta sanar da karɓar dala 80 a kan kowane ƙunshin kaya mai zuwa can. Mai sayarwa Ghana kuwa ya sani cewa sassaucin ECOWAS na kayan da aka yi a yankin ne, masu takardar shaidar asali. Jakar Sin da ta biya haraji a Legas ba ta zama 'yar gida ba, wani harajin yana jiranta a iyaka.

Ga mai shirin yin oda, tambayoyi biyar ne za su tsare masa jari, kuma a rubuce ya kamata a amsa su kafin kuɗi su fita. Katan nawa ne, mene ne tsawo da faɗi da tsayin kowanne? Da 6,000 ake rabawa ko da 5,000? Canjin wace rana za a bi? Farashin har Kano ne ko iyakarsa Legas? Kuɗin fito yana ciki, kuma za a ga takardarsa? Bayan haka a bar sarari a lissafi saboda motsin naira, a guji oda daf da sabuwar shekarar Sinawa, wadda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, da kuma hutunsu na makon farko na Oktoba. Kayan Sallah a biya su wata uku zuwa huɗu kafin lokaci.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu sayarwa ta intanet goma da suka yarda da juna za su iya haɗa odarsu su sami farashin sari da na ruwa, kamar yadda iyayenmu na Kwari suka daɗe suna yi. Kira na ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa shi ne su buɗe wa waɗannan matasa ƙofa su koya musu lissafin nan. Masu kago su mayar da aika awo kafin lodi ya zama ƙa'ida. Hukumomi kuma su sa tashar tsandauri ta Dala, wadda aka buɗe a Janairun 2023, ta yi aikin da aka gina ta dominsa, ta yadda ƙaramin ɗan kasuwar Arewa zai fitar da kayansa a gida yana ganin takardarsa da idonsa. Ke kuma mai jari ƙarami, kada ki tura ko naira ɗaya sai kin san abin da kaya za su tsaya miki a ƙofar gidanki.